Mota ta miliyoyi, ƙusa ɗaya ta tsayar da ita: Abin da masu faci ke gani a Ƙofar Sauri

Tun kafin rana ta ɗaga ƙarar injinan iska ke fara tashi a gefen titin Ƙofar Sauri da ke birnin Katsina. Masu faci kan jera tsofaffin tayoyi a bakin kwalta domin mai wucewa ya gane wurin, su cika baho da ruwan da ake tsoma taya a gano inda iska ke fita, sannan su zauna jiran abin da Allah zai kawo.

Ƙofar Sauri na ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, kuma ta nan ake bi zuwa Kaita da Ɗankama har kan iyakar Jamhuriyar Nijar. Saboda haka babu irin abin hawan da ba ya ratsa wurin: babura, masu ƙafa uku, motocin haya da aka danƙare da buhuna, da kuma motocin alfarma na 'yan kasuwa da manyan ma'aikata.

A cikin waɗannan duka, akwai irin motar da ta fi ba masu faci wahala. Ita ce motar nan gajera mai ƙarfin inji, wadda cikinta ke kusa da ƙasa, tayoyinta faffaɗa amma sirara a gefe. Za ka gan ta ta taho tana rarrafe, ƙafa ɗaya a kwance. Mai faci zai ce wa mai ita ya buɗe but a ɗauko safaya a ɗaura kafin a duba wadda ta yi faci. Sai a buɗe, a ɗaga shimfiɗar ƙasa, a tarar da wayam. Babu safaya, babu jak, babu sufanar kwance taya. Sau da yawa a ranar ne mai motar ke fara sanin haka.

Ba sata aka yi masa ba, kuma ba lallai dillali ne ya cire ba. Yawancin irin waɗannan motoci haka suka fito daga kamfani.

Me ya sa babu safaya?

Wanda ya yi zamani da Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya daɗe yana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975, ya san cewa cikakkiyar safaya na rataye a ƙarƙashin bayanta, jak da sufana kuma suna ciki. Direban wancan lokaci ba ya barin tasha sai ya buga kowace taya da ƙafa ya ji lafiyarta.

Masu ƙera motoci a Turai da Amurka sun daɗe da sauya tunani. Safaya da jak nauyi ne, nauyi kuma yana ƙara shan mai, yana rage wa mota kuzari, ga cin wuri. Don haka suka koma hanyoyi uku.

Ta farko ita ce tayar da aka ƙarfafa gefenta yadda za ta iya ɗaukar mota ko da iskarta ta fice. Kamfanin BMW ya fi shahara da saka irinta. Abin da masu ƙera ta suka fi yarda da shi shi ne tafiyar kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a sa'a ba, bayan ta yi faci.

Ta biyu ita ce kwalbar wani ruwa mai danƙo haɗe da ƙaramin injin iska da ake jonawa a wutar mota. Ana tura ruwan cikin taya ta bawul, ya toshe hudar daga ciki. Ana samun wannan a motocin Mercedes-Benz da Porsche da Volkswagen da dama.

Ta uku ita ce siririyar safayar nan mai kama da tayar babur, wadda ake ba iska har 60 a geji, kuma a jikinta an rubuta kada a wuce kilomita 80 a sa'a.

Duka ukun an tsara su ne don ƙasashen da shagon taya ke kusa, kuma idan ka buga waya motar ja za ta iso ka. A nan lissafin daban ne. Daga Katsina zuwa Kano kusan kilomita 170 ne. Wanda tayarsa mai ƙarfin gefe ta yi faci jim kaɗan bayan ya fita gari ba zai kai ko rabin hanya ba kafin adadin ya cika, kuma da wuya ya samu irin lambar tayarsa a garuruwan da ke tsakani. Ruwan danƙon kuma ƙaramar huda kawai yake toshewa, wadda ba ta wuce milimita 4 zuwa 6 ba, a saman tayar inda take taka ƙasa. Ba ya yin komai ga yankan gefe. Sannan yana da ranar lalacewa a jikin kwalbar. Motar da ta yi shekara goma a Jamus kafin ta sauka a Kwatano ko Legas, da wuya ruwan da ke but ɗinta ya sake amfani, in ma yana nan.

Siririyar taya da ramukan hanya

Lambobin da ke gefen taya suna bayyana dalilin da ya sa motocin gudu suka fi shan wahala a hanyoyinmu. A ɗauki Toyota Corolla mai taya 195/65 R15. Lamba ta farko faɗin tayar ce a milimita, ta biyu kuma tsayin gefenta ne a matsayin kaso na faɗin. Wato tsakanin wili da kwalta akwai roba da iska kimanin milimita 127. Motar gudu mai taya 245/35 R19 kuwa kimanin milimita 86 kawai take da shi.

Wannan bambanci na santimita huɗu shi ne ke raba mai wucewa lafiya da mai kwana a hanya. Siririyar taya tana riƙe kwalta da kyau a kwana, shi ya sa ake saka ta. Amma idan ta faɗa rami da gudu, bakin ramin yana matse gefenta da wili, zaren da ke ciki ya tsinke. Wani lokacin ta fashe nan take. Wani lokacin ta yi ƙulu kamar ƙwai a gefe, ta jira wata rana. Wilin da aka yi da gorar ruwa shi ma yakan lanƙwashe ko ya tsage, iska ta riƙa zurarewa a hankali.

Akwai ƙarin matsala. Da yawa daga cikin waɗannan motoci tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a musanya su. Birkinsu manya ne, wilin wata mota ba ya shiga ko da ramukan noti sun yi daidai. Wasu tayoyin kuma suna da kibiya da ke nuna ɓangaren da za su riƙa juyawa, ko rubutun da ke nuna fuskar da za ta kalli waje. Idan aka ɗaura su a juye, ba sa korar ruwa yadda ya kamata a lokacin damina.

Inda gwanintar mai faci ke tsayawa

Mai faci na gefen titi gwani ne a aikinsa, kuma ba don shi ba da zirga-zirga ta tsaya a ƙasar nan. Da ƙarafuna biyu da guduma yake raba taya da wili cikin 'yan mintoci. Sai dai taya mai ƙarfin gefe ba ta jin wannan magani. Taurinta na buƙatar injin cire taya, in ba haka ba a karce wili ko a karya 'yar na'urar da ke manne da bawul daga ciki, wadda ke sanar da direba cewa iska ta ragu. Idan ta karye, fitilar gargaɗi za ta zauna a kunne, direba ya saba da ita, ranar da tayar ta yi faci da gaske ba zai sani ba.

Jak ma matsala ne. Irin mai kama da kwalba da masu faci suka fi amfani da shi ba ya shiga ƙarƙashin gajeriyar mota, balle taya na kwance. Kuma kowace mota tana da wurare huɗu da aka tanada don ɗaga ta. Idan aka kafa jak a wani wuri daban, ana iya lotsa ƙasan motar ko a fasa robar gefe.

Sai kuma notin sirri. Motocin Turai da yawa suna zuwa da noti ɗaya a kowace ƙafa wanda ba ya kwancewa sai da wani ɗan makulli na musamman, don hana satar wili. Ƙaramin ƙarfe ne da bai fi babban yatsa ba, kuma shi ne abu na farko da ke ɓacewa tsakanin tashar jiragen ruwa da wurin dillali. Idan babu shi, ko kana da safaya sabuwa fil ba za ka cire taya ba sai an nemo mai walda. Girman notin ma ba ɗaya ba ne: motocin Jamus da yawa sufana mai lamba 17 suke ɗauka, Honda 19, Toyota 21. Aron sufanar maƙwabci a hanya ba kullum yake fitar da mutum ba.

Ba asarar lokaci kaɗai ba ce

A da, faci a hanya ɓata lokaci ne kawai. A shekarun nan, a wasu sassan Jihar Katsina, magana ce ta rai. Hare-haren 'yan bindiga sun kai ga a ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Wanda motarsa ta tsaya a irin waɗannan wurare a lokacin ba shi da ko hanyar kiran ɗan uwa.

An dawo da layukan daga baya, amma har yanzu direbobi na auna tafiyarsu da rana, kowa na son ya shiga gari kafin magariba. Mai kayan aiki a mota zai iya sauya taya cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin. Marar su sai ya tsaya jiran ɗan acaɓa, ya je gari mafi kusa ya ɗauko mai faci, su dawo su cire taya, su koma da ita, su sake dawowa. Kafin a gama, rana ta faɗi, iyali na zaune a gefen daji.

Shi ya sa tsofaffin direbobi ke ba da shawara ɗaya: idan taya ta kwanta a wurin da hankalinka bai kwanta da shi ba, musamman da dare, kada ka tsaya. Ka rage gudu sosai, ka kunna fitilun gargaɗi, ka lallaɓa har zuwa gari ko shingen jami'an tsaro. Taya za ta lalace, wataƙila har da wili. Duka biyun ana sayar da su a kasuwa.

Haɗari na biyu shi ne fashewar taya ana tsaka da gudu. A ranar 6 ga Maris, 2016, Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ƙirar Lexus ta fashe. Binciken Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ya nuna akwai gudu fiye da ƙima da kuma taka birki da ƙarfi bayan fashewar. Tsadar mota ba ta hana hakan faruwa ba.

Abin da masana tuƙi ke koyarwa shi ne, idan taya ta fashe, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, a bar motar ta rage gudu da kanta, sai ta lafa sannan a taɓa birki a gangara gefe. Ƙa'idar gudu ga motar gida a Najeriya ita ce kilomita 50 a sa'a a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Harafin V da ke gefen wasu tayoyi yana nufin an gwada su har kilomita 240 a sa'a, W har 270, Y har 300. Amma wannan gwaji ne na sabuwar taya mai cikakkiyar iska a kan lafiyayyen titi, ba tsohuwar da aka yi wa faci uku ba.

Tsadar taya da kasuwar Beljiyam

Najeriya ta taɓa yin tayoyinta. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008. Tun daga nan kusan duk tayar da ke kan titi daga waje take zuwa, farashinta kuma yana bin dala. Bayan faɗuwar darajar naira daga tsakiyar 2023, sabuwar taya ta gagari mutane da yawa, musamman manyan lambobi irin na motocin alfarma.

Sai aka ƙara raja'a ga tayoyin Beljiyam, wato waɗanda aka yi amfani da su a waje, duk da cewa suna cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON kuma ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don rage kuɗin dako, abin da ke karya wayar bakinsu tun kafin a ɗaura su.

Mai saye yana da hanyar kare kansa. A gefen kowace taya akwai jerin rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. FRSC ta daɗe tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, kuma zafin Katsina, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana gaggauta hakan. Zanen taya yana iya zama da kauri alhali gefenta duk ya tsattsage. Araha, in ji masu magana, ba ta ado.

Akwai kuma wata al'ada da ta yaɗu tsakanin direbobi, ta rage wa taya iska a lokacin bazara don kada zafi ya fasa ta. Wannan kuskure ne mai haɗari. Tayar da ba ta da isasshiyar iska ta fi lanƙwasawa a kowane juyi, lanƙwasawar ce ke haifar da zafi a cikinta har ta yage. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi.

Abin da ya kamata ya kwana a but

Doka ta tanadi wasu kaya da jami'an FRSC kan tambaya a hanya, ciki har da safaya, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da abin kashe gobara. Amma bai kamata tsoron tara ya zama dalilin ɗaukarsu ba. Ga mai gajeriyar mota da ke fita wajen gari, jakar da ba ta fi ta makarantar yaro ba za ta ɗauki mafi yawan abin da ake buƙata.

Na farko safaya da ta dace da motar, ko da siririya ce. A gwada ɗaura ta a gida, gaba da baya, a tabbatar ba ta gogar birki. A riƙa duba iskarta duk wata, domin safayar da ba iska kaya ce kawai.

Na biyu jak da zai shiga ƙarƙashin motar tana kwance, tare da guntun katako mai kauri. Gefen hanyoyinmu yashi ne, jak yana nutsewa, mota ta zame. Katakon ake shimfiɗa masa. Ana kuma iya hawar da tayar da ta kwanta a kan katakon don a samu wurin tura jak.

Na uku sufana mai dogon hannu da ta dace da notin motar, da makullin notin sirri a ajiye wuri ɗaya da kowa a gidan ya sani. Notin da aka ɗaure da injin iska ko aka taka da ƙafa ba ya jin gajeriyar sufanar kamfani.

Na huɗu ƙaramin injin iska mai aiki da wutar mota, da gejin auna iska. Yawancin faci ƙusa ce ke kawo shi, kuma iska a hankali take fita. Mai injin iska zai iya ƙara wa tayar iska ya kai gari ba tare da ya cire komai ba.

Na biyar kayan facin tublas: tsinke mai kaushi na gyara hudar, da wani mai ido kamar basilla, da igiyoyin roba masu danƙo, da filaya ta zare ƙusa. Ana yin wannan faci tayar na jikin mota. Sai dai na wucin gadi ne. Idan an isa gari sai a cire tayar a duba cikinta a manna faci daga ciki. Hudar da ta wuce milimita 6, ko wadda ke gefen taya, ba ta da gyara, ko da mai faci ya ce zai gasa ta. Irin wannan taya sauyawa ake yi.

Sai tocila, da wayar jona batir, da igiyar ja, da ruwan sha, da waya mai caji. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Kayan kaɗai ba su isa ba. Mutane da yawa, maza da mata, suna tuƙa mota shekara da shekaru ba su taɓa kwance noti ɗaya ba. Yana da kyau mai mota ya ware wata safiyar Asabar ya gwada a ƙofar gida: ya ja birkin hannu, ya sa dutse a bayan taya, ya sassauta notin tun motar na ƙasa, ya ɗaga, ya sauya, ya ɗaure notin a gicciye, ya sauke sannan ya ƙarasa ɗaurewa. Kada a taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Wanda bai iya ba, mai facin unguwarsu zai nuna masa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kafin a ba dillali kuɗi

Masu sayen mota sukan duba fenti, su saurari inji, su kunna na'urar sanyaya ciki, su gwada rediyo. Kaɗan ne ke ɗaga shimfiɗar but. Alhali nan ne ya kamata a fara dubawa, tun ciniki bai faɗa ba. Idan babu safaya da jak da makullin noti, a sa kuɗinsu cikin lissafi. A karanta shekarar kowace taya. A kuma tambayi masu sayar da taya a gari ko suna ajiye irin lambar, domin wata sai an aiko da ita daga Kano ko Legas. Wasu masu irin waɗannan motoci kan koma ƙaramin wili da taya mai kaurin gefe idan birkin motar ya ba da dama, su rage ado su sayi kwanciyar hankali.

Da yamma, lokacin da motocin Kaita da Ɗankama ke dawowa, rumfunan facin Ƙofar Sauri kan sake cika. A gindin kowane baho akwai tarin ƙusoshi da guntayen waya da aka zaro daga tayoyi a wunin ranar, wasu ba su kai tsawon gaɓar yatsa ba. Wanda ya yi sa'a, a nan cikin gari tasa ta same shi, kusa da mai faci, ana kiran sallar la'asar. Wani kuwa a tsakiyar daji za ta same shi, kuma abin da ya zuba a but kafin ya bar gida shi ne kaɗai zai tarar.